Juyar da Ta Kafa Mini Garke

Ranar nan 'yar ƙanena Ummi ta zo mana hutu daga Kano da ƙawayenta biyu. Ko ruwa ba su gama sha ba suka zagaya bayan ɗaki wurin turakun shanu, kowacce da waya a hannu. Ɗayarsu ta ƙirga da yatsa, ta ce, "Bakwai! Ummi, ashe Goggonki babbar hajiya ce. Wallahi wannan shi ne bizines mai sauƙi. Ki sayi mace ɗaya ki ɗaure, ki koma ki kwanta, tana ta haifo miki kuɗi." Ummi kuwa sai ta nuna wata tsohuwar farar saniya da ke kwance ƙarƙashin darbejiya, ta ce, "Goggo, wannan fa? Ba nono, ba maraƙi, duk ƙashi. Me ya hana ki sayar da ita?"

Hannuna na cikin daron dusa a lokacin, ban amsa ba. Amsar ba ta tsaye ba ce. Shi ya sa na nemi biro na zauna, don Ummi da duk wanda yake ganin kiwon shanu ɗauri ne kawai da kwanciya.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kura da Bunkure, a bakin kanal. Maigidana Malam Habu manomi ne, tumatir da rani, masara da dawa da damina. Ni kuma tun da na gama sakandare aka kawo ni gidan nan sana'ata turara shinkafa. 'Yan kasuwa su kawo buhuna, in jiƙa, in ɗora a rabin duro, in juye in shanya a kan tamfol, su kwashe su kai inji. Hayaƙin wannan aiki shi ya rage mini gani, kuma shi ya tara mini kuɗin saniyar farko. Damina huɗu ina jefa abin da ya samu a asusu. Da na fasa bai kai ba, na haɗa da awakina biyar da keken ɗinkin da na zo da shi. Ban ci bashin kowa ba. Abin da na mallaka ke nan a duniya na ƙulle a leda na miƙa wa Malam, ya tafi kara, kasuwar shanu.

Wajen azahar ya kira ni a waya, hayaniyar kasuwa na tashi a bayansa.

"Rakiya, kuɗin nan naki ko wutsiyar mai ciki ba za su saya ba. Karsana biyu ne kawai za su kai. Akwai wata ja, siririya, ba ta da kyan gani. Akwai kuma fara, ta fi ta cika, wuya kamar na sa, kuma ta fi araha. Dillali ya ce 'yar tagwaye ce, ɗazu aka sayar da ɗan'uwanta."

"'Yar me?"

"'Yar tagwaye."

"Malam, don Allah kar ka saki igiyarta. Ko ba ragi ka biya."

Ni fa tun ina 'yar shekara bakwai nake kiwon awaki. A wurin awaki, in aka ce miki wannan 'yar tagwaye ce, kin yi gamo, domin jinin yana bi. Har na fara lissafi a raina: biyu bana, biyu baɗi. Ban tsaya na tambayi kaina ba, in har abin kirki ne, me ya sa ta fi araha? Daga baya Malam ya tuna cewa wani dattijon Bafillace da ke tsaye gefe ya dube shi lokacin da ake sallamawa, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya kau da kai. Dillalin bai yi mana ƙarya ba. Gaskiya ya faɗa, ni na saye ta da kunnen mai awaki.

Ranar Laraba ta shigo gidan, na sa mata Balaraba.

Aikin farko da na koya shi ne tara abinci, domin wanda ba shi da kuɗin harawa dole ya zama mai roƙon abin da wasu suka zubar. A nan wurinmu, a lokacin, in aka gama bugun shinkafa sai a cinna wa tattakar wuta a gona. Na bi matan maƙwabta gida gida ina cewa su roƙar mini mazansu kada su ƙona. Malam ya riƙa ɗauko ta a bayan mashin, ɗauri bisa ɗauri, har ba a ganin kansa. Muka kafa rumfa da itacen darbejiya muka jibga a sama, don gara da danshi. Tattaka ita kaɗai ba abinci ba ce, cika ciki ce. Sai na ɗora ta a kan gungume na sassara da adda gajeru gajeru, na yayyafa ruwan kanwa da ɗan gishiri, na rufe da buhu ta yi laushi, sannan na barbaɗa dusa. Dusar ma akwai sani. Ta injin shinkafa takan zo gauraye da ɓuntu, sai an sa rariya an tankaɗe. Wanda ya zuba wa dabba ɓuntu yana zaton dusa ce, zai ga ciki ya yi tulu, haƙarƙari kuma suna ƙirguwa.

Mutanen da ba na nan ba suna ganin tunda muna da kanal, ciyawa kyauta ce rani da damina. Kyauta ce, amma tana kisa. Ciyawar gefen gonar tumatir ita ta fi kowace kore, kuma ita ake feshe da magani tare da tumatirin. Kafin lauje ya taɓa ta sai an tambayi mai gona yaushe ya yi feshi. Ta cikin ruwa kuma, wadda ƙananan katantanwa ke maƙalewa, ita ke kawo ciwon hanta. In an yanko ɗanya ba na ba da ita nan take, sai ta sha rana ta yi yaushi. Ga leda. Kullum da safe kafin in hura wuta sai na zagaya tsakar gida na tsince kowace leda, har ta alewar yara, domin saniya ba ta tofarwa. Kayan aikina duka ba su cika kwando ba: lauje, adda, manjagara, shebur mai karyayyen baki, daro biyu, da rabin taya da na mayar komin ci. Da su nake har yau, shebur ɗin kawai aka sake.

Balaraba ta yi kyau. Ta yi faɗi, ta yi ƙirji, gashinta na sheƙi. Shekara ɗaya, shekara biyu, muka shiga ta uku. Ban taɓa ganin ta yi kukan neman sa ba, ban taɓa ganin ta tsinke igiya ba. Mata suka fara tambaya in sun shigo ɗibar wuta: "Maman Sadiya, har yanzu amaryar taki shiru?" Akwai Haladu mahauci, wanda teburinsa ke bakin hanya. Shi kuma duk ranar da ya ga Malam sai ya ce, "Malam Habu, a gaida min ajiyata."

Da abin ya ishe ni na sa aka kai ta rugar da ke bayan kanal, wurin Fulanin da suka daɗe zaune a nan, ta zauna cikin garke da bijimi. Wata biyu cur. Ranar da aka dawo da ita, wata tsohuwa ta biyo ta da ƙwaryar nono a ka. Ita ce Inna Jabu, uwar mai garken. Ba ta zauna ba, ta wuce turke kai tsaye.

"Ke Kaɗo, wa ya saya miki wannan?"

"Ni na zaɓa, Inna."

"Ita kaɗai ta zo duniya?"

Har da murmushina na ce, "A'a Inna, 'yar tagwaye ce."

Ta sauke ƙwaryar a hankali ta ajiye. "Da mace ko da namiji?"

"Da namiji."

Ta yi salati, ta tafa hannu. "Shekara uku kina ciyar da sa mai kayan mata! 'Yar nan, saniya ba akuya ba ce. A wurinmu in mace ta kwana ciki ɗaya da namiji, ba a jiran ɗanta. Da wuya ki ga wadda ta haihu. Yaron goye ma a ruga ya san wannan. Zo ki gani." Ta kama hannuna ta kai ƙarƙashin cikin Balaraba. "Taɓa. Wannan nono ne ko ƙwayar wake? Dubi wuya. Dubi goshi. Ba ki da ido ne, ko boko ya cinye?"

Na ce, "Inna, ba wanda ya faɗa mini."

"Wa kika tambaya?"

Ban tambayi kowa ba. Wannan ce gaskiyar. Na kira likitan dabbobi daga Kura don in ji ta bakin wani, ya sa safar hannu ya duba, ya ce tsohuwa ta yi daidai, mahaifar ba ta ginu ba, babu allurar da za ta gyara. Kafin la'asar duk ƙauyen ya ji. Daga ranar ba wanda ya ƙara ce mata Balaraba sai ni. Juya suke ce mata.

Abu ɗaya na ci riba a wannan rana, shi ne Inna Jabu. Duk ranar da ta fito tallan nono sai ta biyo, in auna mata shinkafa, ita kuma ta zauna a kan turmi tana zagina tana koya mini. Ta nuna mini yadda ake buɗe bakin dabba a karanta shekarunta a haƙora. Ta ce kullum da safe in fara duba hanci, in da laima lafiya, in ya bushe akwai magana. In duba kashi kafin in share, domin shi ke fara faɗar abin da ke ciki. Saniyar da ta kwanta ba ta tuƙa, a tashi tsaye. Ta koya mini cire kaska ba tare da an bar kan a cikin fata ba, da inda take ɓuya, cikin kunne da ƙarƙashin wutsiya. In na yi kuskure ta ce, "Kaɗo dai Kaɗo ne." In na yi daidai ta ce, "To, ba laifi, kamar mutum." Ita ma shawararta ɗaya ce da ta kowa: a ƙara mata ƙiba a sayar.

Ina cikin wannan tunani shekarar tsutsa ta zo. Duk wanda ya yi noman tumatir a yankin nan ya san ta. Gona kore shar da safe, bayan kwana kaɗan kamar an bi ta da wuta. Malam ya yi feshi har ya gaji. Kwando ko ɗaya bai kai bakin titi ba. Abin da ya zuba a gonar duk ya tafi, rumbu ya yi ƙasa, ga damina ta matso, babu kuɗin taki, babu na huɗa. Tuwo ya koma sau ɗaya a gidan nan, da rana yara su sha kunu.

Wata safiya ina shara na ji sallama a zaure, na gane muryar Haladu. Malam ya shigo ya tsaya, bai dube ni ba.

"Rakiya, Haladu ne. Ya zo ya ga saniyar."

"Wa ya kira shi?"

"Ni na kira shi. Dukiyarki ce, na sani, ba zan sayar da ita a bayan idonki ba. Amma ki duba gidan nan. Dabbar da ba za ta haihu ba, me muke jira?"

Ya yi gaskiya, kuma ban taɓa musa masa a kan abincin gida ba. Sai dai na san lissafin. A irin wannan shekara kowa na fitar da dabbarsa, mahauta ke yanka farashi yadda suka so. Abin da Haladu zai bayar zai shiga taki da masara, kafin kaka ya ƙare. Awaki sun tafi, keke ya tafi, idona ba zai ƙara ba ni damina huɗu a bakin duro ba. In Balaraba ta fita ta wannan ƙofa, ni da kiwon shanu har abada.

Haladu ya ɗaga murya daga zaure: "Maman Sadiya, ki rabu da wahala! Juya ai tukunya ce maganinta. Yau ma in kin yarda kafin azahar ta zama tsire."

Na matsa jikin katanga na ce, "Haladu, ka koma da wuƙarka, kar ta yi tsatsa a zauren mutane."

Sannan na juya wurin Malam na rage murya. "Ka ba ni zuwa huɗar fari. In har lokacin ba ta kawo abinci gidan nan ba, ni da kaina zan aika a kira shi."

"Ta ina za ta kawo? Ƙwai za ta yi?"

"Ka dai ba ni."

Ya ce, "To, zuwa huɗar fari."

Abin da ke raina shi ne Baba Sale. Dattijo ne mai garmar shanu a bayan layinmu, shi ke yi wa rabin ƙauyen huɗa. A wannan rani ɗaya daga cikin shanunsa biyu ya mutu, da aka farka cikinsa, leda ce dunƙule guda. Saura ɗaya, wani baƙin sa mai suna Duna. Sa ɗaya ba ya jan garma, kuma Baba ba shi da kuɗin na biyu. Na nemi izinin Malam, na sa hijabi na je har gidansa.

Ya saurare ni har na gama, ya yi dariya har da tari. "'Yata, shekara arba'in ina huɗa, ban taɓa ɗaura wa mace karkiya ba. Ba a yi."

"Baba, cikin shekara arba'in ɗin ka taɓa yin damina da sa ɗaya?"

Dariyar ta tsaya.

"Ana barin mace ne don ciki da nono," na ce. "Wannan ba ta da ko ɗaya. Ƙirjinta ya kai na Duna. Ka zo ka auna."

Washegari ya zo da igiya ya auna tsayinta da faɗin kafaɗa, ya zagaya ta sau uku yana gunaguni. Ya ce Duna ya fi ta da yatsa huɗu, amma za a iya cike wa da tsumma a ƙarƙashin karkiya. Muka yi magana: abin da aka samu a raba biyu, kuma gonarmu za a fara. Kafin nan na tambayi malamarmu ta Islamiyya ko akwai laifi. Ta ce ba ta san hani ba, sai dai a ji tsoron Allah a kan dabba, kada a ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Don haka na kafa sharuɗɗa uku: ba bulala, a kwance ta in rana ta take, ranar Juma'a hutu. Baba ya ce, "Wannan saniya ce ko ma'aikaciyar gwamnati?" Amma ya yarda.

Ranar huda hanci ban iya tsayawa ba, na shige ɗaki na toshe kunne. Bayan ya warke aka zura igiya, Baba ya fara da gungumen giginya. A ɗaura mata shi ta ja a fili, ta tsaya, ta juya. Mako biyu ana wannan. Sannan aka haɗa ta da Duna ba garma, su yi ta zagaya fili don ƙafa ta saba da ƙafa. Duna ya so ya nuna mata shi ne babba, ta kai masa ƙaho sau ɗaya, suka fahimci juna.

Ruwa ya sauka, ƙasa ta jiƙu, ranar huɗa ta zo. Ina tsakar gida ina wanke-wanke, Sadiya babbar 'yata ta shigo da gudu ta ce, "Umma, ta kwanta! Balaraba ta kwanta a tsakiyar gona, mutane sun cika bakin kanal suna dariya!"

Ashe a fili ta saba da shiru. Da ta ga taro, ga ihu, ga nauyin garma a cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai ta huɗe kunya ɗaya da rabi ta durƙushe. Na zari hijabi, na ɗebi dusa da kanwa a daro. Tunda aka kawo ni garin nan ban taɓa taka gonar Malam ana aiki ba. Ranar na taka.

Na tarar da maza sun fi ashirin a kan gaɓar kanal, wasu a kan mashin. Haladu na gaba. Yana hango ni ya ce, "Ga uwar amarya nan! Baba Sale, ka kwance ta mu rage maka aiki, ga wuƙa a kusa!" Wani ya ce, "A murɗa wutsiya!" Wani ya ce a hura mata barkono a hanci. Baba Sale na tsaye da gumi, Malam riƙe da igiya, fuskarsa kamar ya nutse.

Ban dubi kowa ba. Na shiga cikin taɓo na tsuguna a gabanta. Na sosa mata ƙarƙashin wuya inda take so, na yi bisimilla, na kira ta yadda nake kiranta kowace safiya. "Balaraba. Ke Balaraba. Tashi mu tafi, ba da su muka zo ba." Na kai daron hancinta, na ja da baya taku biyu. Ta bi shi da ido. Na ƙara taku ɗaya. Ta yi nishi, ta ɗaga gindi, ta miƙe.

"Baba, kama garmarka."

Na juya na kama hanya da daro a hannu, tana bina, Duna na bin ta, ƙasa na tsagewa a bayanmu. Muka kai ƙarshe muka juyo. Kunya ta biyu, ta uku. Takalmina ya maƙale a taɓo na bar shi a nan. Wajen ta shida na lura bakin kanal ya yi shiru. Wajen ta goma an fara tayar da mashina. Wani tsoho ya ce, "Matar aure a gaban garma, wannan zamani!" Sai na ji Malam, wanda ba ya ɗaga murya ko a kan yara, ya ce, "Matata ce, gonata ce. Kai kuma in kana son huɗa ka bi layi."

Kwana uku ina tafiya a gabanta. A na huɗu Malam ya karɓi daron, ya ɗaura tsohon mayafina a gefensa don ta ji ƙanshin gida, ta bi shi. Bayan mako ɗaya ba daro ba mayafi, muryar Baba ta ishe ta.

A shekarar da ba wanda ke da kuɗin tarakta, garmar Baba Sale ba ta huta ba sai Juma'a. Wasu suka biya da kuɗi, wasu da kwanon masara, wasu da alkawarin harawa in an yi kaka. Tuwo ya koma sau biyu tun kafin a yi wa shuka banƙasa. Cikin waɗanda suka bi layi har da wanda ya ce a hura mata barkono. Da kaka Baba ya gyara tsohon amalankensa, suka riƙa fito da buhunan shinkafa daga gonakin da mota ba ta shiga, da rani kuma su kai taki. Ba a ƙara maganar huɗar fari a gidan nan ba.

Bayan damina biyu na sake ƙulle kuɗi a leda. Wannan karon na ɗauki shatar adaidaita na sa Inna Jabu a ciki tare da Malam. Ta zagaya karar nan kaf tana buɗe bakuna tana tsaki, ta tsaya a kan wata ja siririya marar kyan gani. Ta tambayi mai ita uwarta haihuwa nawa, wa ya sha nononta, ita kaɗai ta zo ko da ɗan'uwa. Sai da ya rantse. Wannan jar ita ce uwa da kakar duk waɗanda ƙawar Ummi ta ƙirga, ban da Balaraba. Kuma kada ku zaci daga nan sai daɗi. Maraƙinta na biyu zawo ya kashe shi a hannuna. Akwai shekarar da ciwon baki da kofato ya shigo, na yi mako uku ina dama musu kunun dusa ina ba su kamar jarirai. Na sayar da maza uku a kan lalurar gida, na mayar da keken ɗinkina, na sa Sadiya a makarantar ungozoma.

To ku masu son farawa da ɗan abin da kuke da shi, ban hana ku ba. Ku tara abinci kafin ku sayi baki. Ku je kara da wanda ya girma cikin shanu, ko da zai zage ku a hanya. Abin da aka ce ya fi araha, ku tambayi dalili. Kuma in kun yi kuskure irin nawa, ku zagaya shi sau uku kamar yadda Baba Sale ya yi, ku ga ko akwai inda zai ja, kafin ku saurari masu wuƙa.

Baba Sale ya rasu, Allah ya jiƙansa. Inna Jabu ba ta iya tafiya yanzu, ni nake aika mata shinkafa. Balaraba ta yi damina tara a ƙarƙashin karkiya kafin na ce ya isa. Haƙoranta sun cinye, sai na jiƙa mata dusa ta yi ruwa-ruwa take iya ci. Ita nake fara ba wa kafin masu nono.

Haladu ma ya tsufa, amma bai daina ba. Ko a makon jiya ya tsaya a zaure ya ce, "Maman Sadiya, ajiyata fa? Kar ki bari ta zama mushe, ki yi asara biyu."

Na ce masa ba za ta zama mushe ba, na san haƙƙin Allah a kanta. Ranar da na ga ta kasa tashi, a nan ƙarƙashin darbejiyar za a yanka ta, liman zai sa wuƙa, sadaka ga iyayena da Baba Sale. Ba za ta hau teburin kowa ba, ba za a ɗora ta a sikeli ba, ko tsoka ɗaya ba za a sayar ba. Gida gida za a raba.

Ya ce, "Har da ni?"

Na ce, "Har da kai, Haladu. Duk wanda ya tsaya a bakin kanal ranar nan yana da kaso. Na riƙe fuskokinku, ba wanda zan manta."